Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: yabon faifan farko na Black Sabbath

Ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu na shekarar 1970, wani kamfanin faya-fayai na ƙasar Ingila mai suna Vertigo ya fitar da faifan farko na wasu samari huɗu ƴan birnin Birmingam. Sunan ƙungiyarsu Black Sabbath, sunan faifan Black Sabbath, haka kuma sunan waƙar da ta buɗe shi. Turawa suna camfa Juma'ar da ta faɗo ranar 13 ga wata, suna ɗaukarta ranar rashin sa'a, saboda haka ranar ta dace da kayan da aka kai kasuwa. Waƙoƙi 7 ne a ciki, tsawonsu duka kimanin minti 38 ne. Manyan masu sharhin kiɗa na wancan zamani da suka saurare shi sun ce hayaniya ce kawai ta yaran da ba su iya ba. Yau kuwa jaridun da suka kushe shi su ne suke lissafa shi cikin faya-fayan da suka sauya kiɗan duniya. Faifan dai yana nan yadda aka ɗauke shi, ba a ƙara masa ko bugu ɗaya ba. Kunnuwa ne suka sauya, kuma dalilin sauyawarsu abin dubawa ne.

Ya kamata a gaya wa mai karatu gaskiya tun da fari, musamman wanda bai taɓa jin faifan ba. Kiɗa ne mai ƙara, mai nauyi, irin wanda idan yaro ya sa shi a tsakar gida, tsohuwa za ta leƙo ta tambaya ko injin niƙa ne ya lalace. Ba a kai amarya da shi, ba a rarrashin jariri da shi. Turawa suna kiran irinsa rok mai tsanani, daga baya kuma suka laƙaba wa reshen da ya tsiro daga gare shi sunan hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Duk da haka faifan ya cancanci yabo, kuma yabon ba na alfarma ba ne. Ya cancance shi ne domin ya faɗi gaskiyar wurin da ya fito, da muryar wurin, ba tare da aron bakin kowa ba.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma. Ba a taɓa jin mai hankali ya zargi makaɗin noma da cewa gangarsa ba ta da taushin molo ba, domin kowa ya san aikin da aka yi ta dominsa, wato ta motsa jinin mutumin da ke duƙe da hauya cikin rana. Wanda ya riƙe wannan a zuci ya riga ya sami mabuɗin faifan Black Sabbath. Kiɗan sana'a ne, sai dai sana'ar ta leburorin masana'antun Ingila ce.

Gidan da tsuntsun ya fito

Samarin huɗu duka a unguwar Aston suka tashi, unguwar talakawa ma'aikata da ke arewa da tsakiyar Birmingam. An haifi uku daga cikinsu a 1948: Tony Iommi mai gitar, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mawaƙi. Na huɗun, Geezer Butler mai gitar bas, wato mai kaurin murya, an haife shi a 1949. Birmingam birni ne na ƙira, inda ake yin motoci da babura da bindigogi da kusoshi, kuma saboda haka ne jiragen yaƙin Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai tsakanin 1940 da 1943. Yaran da aka haifa bayan yaƙin sun buɗe ido sun tarar da kangaye a unguwarsu, a cikinsu suka yi wasan ƙuruciya. Ward ya sha ba da labarin yadda yakan kwanta da dare yana jin dukan manyan gudumomin masana'antu, yana bin dukan da yatsunsa a jikin gado.

Osbourne ya bar makaranta yana da shekara 15. Ya yi aikin gini, ya yi aikin gwada oda a masana'antar kayan mota, ya yi aiki a mahauta, har ma ya yi mako 6 a kurkuku saboda fasa kanti. Butler ɗa ne ga iyayen da suka fito daga ƙasar Ailan, ƴan ɗarikar Katolika masu riƙo da addini, kuma yana koyon aikin akanta ne kiɗa ya janye shi. Iommi kuwa a masana'antar fallayen ƙarfe yake aiki. Ke nan ƙungiya guda ta haɗa maƙeri da mahauci, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama a ajin koyon kiɗa na manyan makarantu.

Shekarar 1969, lokacin da suke haɗa waɗannan waƙoƙi, ita ce shekarar babban taron kiɗa na Woodstock a Amurka. Abin da ake yayi a lokacin shi ne waƙoƙin soyayya da zaman lafiya da sa furanni a gashin kai. Samarin Aston sun sha faɗa daga baya cewa wannan magana ba ta shafe su ba, domin su ba su ga fure a unguwarsu ba, abin da suka gani shi ne hayaƙi da ruwan sama da layin shiga aiki da asuba. Da sun kwaikwayi waƙar furanni, da sun yi ƙarya, kuma da tuni an manta da su tare da ɗaruruwan ƙungiyoyin da suka yi hakan.

Yatsu biyu da injin ya cinye

Labarin sautin faifan yana farawa ne daga wani haɗari. Iommi yana da shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a masana'anta kafin ya bar aiki ya kama kiɗa gadan-gadan, aka sa shi a kan wani injin matse ƙarfe da bai saba da shi ba. Injin ya datse masa kawunan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. Shi kuwa bahago ne, saboda haka hannun damansa ne yake danna tsirkiya. Aka gaya masa ya manta da gitar. Yana zaune gida cikin baƙin ciki, sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, shahararren makaɗin jaz na Faransa wanda aka haifa a Beljiyam a 1910, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, amma ya ci gaba da kaɗawa da sauran har ya zama gwanin gwanaye. Da Iommi ya ji abin da mai yatsu biyu ya yi, sai ya tashi.

Dabarar da ya yi dabarar ɗan maƙera ce. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsun huluna, ya goge su, ya lulluɓe su da fatar wata tsohuwar riga don kada su zame. Da yake tsirkiya mai kauri tana yi masa ciwo, kuma ba a sayar da sirara na gitar a lokacin, sai ya haɗa da na banjo. Hulunan roba ba sa jin abin da suka taɓa, saboda haka dole ya koyi kaɗawa da kunne, ya rage yawan gudu a kan wuyan gitar, ya dogara ga ƴan sautuka kaɗan masu kauri da yake iya dannawa da ƙarfi. Sassauta tsirkiya zuwa ƙasa, wanda ya ƙara wa kiɗansu duhu, sai a faifansu na uku ya yi shi sosai, a 1971. Amma tun a na farko ana jin hannun mutumin da ba ya ɓarnar motsi. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne.

A dā sunan ƙungiyar Earth, kuma buluz suke kaɗawa, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Da suka tarar akwai wata ƙungiya mai wannan suna, sai a watan Agusta na 1969 suka ɗauki sunan wani fim na ban tsoro da Mario Bava ɗan Italiya ya shirya a 1963, wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Sunan yana nufin Baƙar Asabar, kuma a tatsuniyoyin Turai yana nuni ga taron mayu na dare. Tunaninsu mai sauƙi ne: tun da mutane suna bin layi a ƙofar sinima su biya kuɗi don a tsorata su, me zai hana a yi kiɗa mai ban tsoro? Kafin nan sun sha wuya a gidajen rawa na Jamus, musamman Star-Club na birnin Hambug, inda sukan hau dandali sau da yawa a dare guda. Waƙoƙinsu ba su da yawa, dole suka riƙa jan kowace don cike lokaci, kuma a nan ne hannuwansu huɗu suka saba da juna.

Yini guda a ɗakin ɗaukar sauti

Kamfanoni da dama sun ƙi su kafin a sami mai karɓa. A ƙarshen 1969 suka shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na Landan mai suna Regent Sound, tare da mai shiryawa Rodger Bain. Bisa ga abin da Iommi ya faɗa, cikin sa'o'i 12 suka gama. Sun jera kayansu, suka kaɗa abin da suka saba kaɗawa kowane dare, su duka a lokaci guda, Osbourne yana waƙa a wani ɗan keɓaɓɓen lungu, kuma yawancin waƙoƙin ba a maimaita su ba. Ana cikin aiki gitar Iommi ta Fender ta lalace, ya ɗauko ta ajiya, ƙirar Gibson SG, wadda daga ranar ta zama abokiyar tafiyarsa. Washegari suka kama hanyar Suwizalan don yin wasa a kan kuɗi kaɗan, aka ƙarasa gyaran sautin ba su nan.

Wanda ya ɗora faifan, abin da zai fara ji shi ne ruwan sama, da tsawa, da ƙararrawar coci tana bugawa daga nesa. Sa'annan sai gitar da bas da ganguna su faɗo tare kamar an kayar da ƙofar ƙarfe. Sautuka uku ne kacal: sol na ƙasa, sol na sama, sai re bemol. Tazarar da ke tsakanin sol da re bemol ita ce masana ke kira tiriton, tazara ce da kunne ba ya samun natsuwa da ita, har malaman kiɗa na Turai na dā suka yi mata laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa. Butler ya ce asalin abin daga wani kiɗan Gustav Holst ne, ɗan Ingila da ya tsara wa kowace duniyar sama kiɗanta, inda na Mars yake kwatanta yaƙi. Yana gwada shi a bas, washegari Iommi ya zo da nasa.

Waɗannan sautuka uku su ne abin da Bahaushe zai kira take. Kamar yadda makaɗin fada yake da ɗan gajeren bugu da yake maimaitawa, wanda da an ji shi an san ko wane basarake ne ya fito, haka kowace waƙa ta faifan take tsaye a kan takenta. A wurin ƙungiyoyin da suka gabace su, take share fage ne kawai kafin gwani ya nuna gudun yatsunsa. A wurin Black Sabbath take shi ne ginshiƙin ɗaki. Butler yana bin Iommi sau da ƙafa, bas yana ninka abin da gitar ta faɗa, shi ya sa mutum biyu suke yin nauyin mutum goma.

Abin da ya fi cancantar yabo a wannan waƙa ta farko shi ne haƙuri. Samari ƴan shekara 20 da 21, da amsa-kuwwa a buɗe har ƙarshe, abin da aka saba gani shi ne su yi ta gudu. Su kuwa sai suka ja kiɗan a hankali kamar tafiyar masu ɗauke da makara. Bayan kowane bugu suna barin fili, sautin ya yi ta rawa a iska har ya kusa mutuwa. A cikin wannan fili Ward yake zagayawa a kan gangunansa da sanɗa, domin shi a kiɗan jaz ya buɗe kunne, wurin irin su Gene Krupa, kuma bai ɗauki ganga abin ƙirga lokaci kawai ba. Muryar Osbourne ba ta makaranta ba ce, siririya ce mai fita ta hanci, amma murya ce ta mutumin da ya firgita da gaske. Sai can kusa da ƙarshe kiɗan ya ɓalle da sukuwa, kamar wanda ya daɗe a sandare don tsoro sa'annan ƙafafunsa suka tuna da gudu. Mai hayaniya ba ya iya wannan. Hayaniya ba ta san inda za ta tsaya ba, su kuwa waɗannan sun san wurin da za a yi shiru.

Sauran fuskar farko ta faifan ba ta faɗi ƙasa ba. Waƙa ta biyu, The Wizard, tana buɗewa da armonika a bakin Osbourne, kuma a nan ne gangunan Ward suke amsa wa gitar kamar ƴan amshi. Kafin waƙar N.I.B. an bar Butler shi kaɗai da bas na ɗan lokaci, abin da ba a cika yi wa mai bas ba a wancan zamani. A fuska ta biyu, farkon Sleeping Village yana da sanyi, har ana jin Bain yana kaɗa wani ɗan ƙarfen baki irin bambaro. Wanda ya ce faifan ƙara ce tun daga farko har ƙarshe, bai saurare shi har ƙarshen ba.

Hukuncin masu alƙalami

Lester Bangs, wanda yake cikin manyan masu sharhi na Amurka, ya rubuta a mujallar Rolling Stone a 1970 cewa ƙungiyar kwaikwayon Cream ce kawai, wato ƙungiyar Eric Clapton, kuma kwaikwayon ma bai kai ba. Robert Christgau na jaridar Village Voice ta birnin Niyok ya ba faifan maki na can ƙasa. Jaridun Landan ma ba su yi masa da sauƙi ba. In ban da John Peel na BBC, wanda ya ba su fili a shirinsa a watan Nuwamba na 1969, gidajen radiyo ba su damu da su ba. Duk da haka faifan ya hau matsayi na 8 a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila. Da kamfanin Warner ya fitar da shi a Amurka a watan Yuni na 1970, ya kai na 23, ya shekara yana cikin jerin, aka sayar da kwafi sama da miliyan guda. Masu sayen kuwa yaran leburori ne, da ƴan makaranta, da samarin Amurka da ke zaman jiran a kira su yaƙin Biyetnam.

Masu sharhin ba jahilai ba ne, mudun da suka zo da shi ne bai dace da hatsin ba. Sun saba auna mai gitar da saurin yatsun Clapton, su auna mai waƙa da zurfin kalmomin Bob Dylan. Da suka nemi waɗannan biyu suka rasa, sai suka yanke cewa babu komai. Akwai kuma raini irin na ƴan babban birni, domin a Ingila an daɗe ana yi wa karin harshen mutanen Birmingam dariya, ana ɗaukarsu marasa wayewa. Wanda ya shiga maƙera yana neman ƙamshin turare, zai fito ya ce babu abin kirki a ciki, alhali ga garma da lauje an jera a bakin ƙofa. Shekara guda kafin nan, mujallar ta Rolling Stone ta yi wa faifan farko na Led Zeppelin irin wannan tarba, kuma biyu daga cikin ƴan wannan ƙungiya, Robert Plant da John Bonham, ƴan yankin Birmingam ne.

Adalci kuma ya sa a ce ba duk maganarsu ce ƙarya ba. Fuska ta biyu ba ta kai ta farko ba. Evil Woman waƙar aro ce daga wata ƙungiyar Amurka mai suna Crow, an matsa musu su ɗauke ta don neman kasuwa, aka fitar da ita ita kaɗai a watan Janairu na 1970, kuma ba ta yi kasuwar ba. Warning, wadda ta rufe faifan, ita ma aro ce, ta wuce minti 10, kuma a tsakiyarta Iommi ya yi ta yawo shi kaɗai fiye da yadda ya kamata. A nan ana jin ragowar dararen Hambug, lokacin da cike sa'a ya fi komai muhimmanci. Mai yabon da ya ɓoye wannan ya zama maroƙi.

Batun shaiɗan

Akwai wata magana da ba ta tsallakuwa, musamman ga mai karatu mai kishin addininsa. Tun fitowar faifan ake zargin ƙungiyar da bautar shaiɗan. Hoton bangon ya taimaka wa zargin: wata mace cikin baƙaƙen tufafi tsaye gaban tsohon gidan niƙa na Mapledurham, a bakin kogin Tems. A ciki kuma an zana gicciye a kife. Wannan gicciye aikin kamfani ne, samarin ba su gan shi ba sai da faifan ya fito, kuma ya jawo musu ƴan tsibbu da suka riƙa binsu suna gayyatarsu taro. Sun ce sun ƙi, har mahaifin Osbourne, wanda shi ma ma'aikacin ƙarfe ne, ya ƙera musu gicciyen da suka riƙa ratayawa a wuya don neman tsari bisa ga addininsu.

Waƙar farko ta samo asali ne daga abin da Butler ya ce ya same shi. Ya taɓa shiga karance-karancen sihiri, sai wani dare ya farka ya ga kamar wata baƙar siffa tsaye a ƙarshen gadonsa, daga nan ya watsar da abin. Mutumin da ke cikin waƙar ba murna yake yi da Iblis ba, gudunsa yake yi yana neman agajin Ubangiji. A 1971 ma sun yi waƙa mai suna After Forever wadda take kare imani da Allah a fili, kuma Bangs ɗin da ya kushe su ya dawo a 1972, a mujallar Creem, ya kwatanta su da masu wa'azi. Amma N.I.B. an sa kalmominta ne a bakin Iblis, a matsayin wanda soyayya ta kama, kuma wanda zuciyarsa ba ta karɓi wannan ba yana da hujjar tsallake ta. Haka nan yabon faifan ba yabon rayuwar masu shi ba ne. Giya da ƙwaya sun yi musu mummunar ɓarna, su ne ma dalilin korar Osbourne daga ƙungiyar a 1979.

Yabon da ya zo a makare

Ana cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Iommi da guntayen yatsunsa bai jira arba'in cif ba, amma ya kusa. A 2003 Rolling Stone ta sa faifan cikin jerin faya-fayai 500 da ta ce sun fi kowanne. A 2006 aka shigar da ƙungiyar zauren girmama makaɗan rok na Amurka, kuma ƴan ƙungiyar Metallica ne suka gabatar da su, suna shaida cewa daga gare su suka koya. A 2017 mujallar ta jera faya-fayan hebi metal 100, ta sa wannan a na 5, ta sa na biyunsu, Paranoid, wanda ya fito a watan Satumba na 1970, a na 1. Birnin da ake yi wa dariya shi ma ya rungumi ƴaƴansa: a 2019 aka raɗa wa wata gada sunan ƙungiyar, a 2023 kuma ƙungiyar rawar bale ta Birmingam ta shirya wasa a kan kiɗansu.

Ranar 5 ga watan Yuli na 2025 mutanen huɗu na asali suka hau dandali tare a karo na ƙarshe, a filin ƙwallon Villa Park da ke cikin Aston, tafiyar ƙafa daga gidajen da suka tashi. Osbourne yana zaune a kujera ya yi waƙa, domin ciwon Parkinson ya hana shi tsayuwa. Ranar 22 ga watan ya mutu yana da shekara 76, kuma dubban mutane suka cika titunan birnin ranar da aka ratsa da gawarsa.

Wannan labari bai yi nisa da Nijar kamar yadda ake zato ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma bahago ne, kuma gitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Ba almajirin Black Sabbath ba ne, daga kiɗan Abzinawa ya taso. Amma lokacin da faifansa Afrique Victime ya fito a 2021 da ƙarar gitar mai tsaga kunne, jaridun Amurka da Ingila yabo suka yi masa nan take. Kunnuwan da suka karɓe shi kunnuwa ne da aka shekara 50 ana horarwa su gane cewa ƙara tana iya ɗaukar ma'ana, kuma samarin Aston suna cikin waɗanda suka fara wannan horo, suka sha zagin da ke tattare da shi.

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai samari da ke ɗaukar waƙoƙinsu na farko a ƙananan ɗakuna, da kayan aro, cikin yini guda, kuma da yawa daga abin da suke yi ba ya yi wa manya daɗin ji. Wasu daga ciki hayaniya ce da gaske, lokaci zai share ta. Amma kafin mai sharhi, ko uba, ko mai gidan radiyo ya yanke hukunci, yana da kyau ya tambayi kansa ko kukan wane gida ne yake ji, kuma ko tsuntsun ya yi shi da gaskiya. Bangs ya yi shekara biyu kafin ya gyara maganarsa, mujallarsa ta yi fiye da talatin. Wanda ya sami faifan Black Sabbath na 1970, ya saurari fuskar farko tun daga ruwan sama har ƙarshen N.I.B., ya rage ƙarar kaɗan don kunne amana ne, sa'annan ya yi nasa hukunci. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi amfani idan ya iske gwanin yana da rai.